Jan dodo a jikin tuta bai isa ya riƙe Wales ba

Daren 29 ga Nuwamba, 2022, da Ingila ta lallasa Wales da ci 3 da nema a gasar cin kofin duniya a Qatar, a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu na kalli wasan. Kafin a take leda aka jera 'yan wasa, aka sa taken Wales. Kyamara ta bi ta kan magoya bayansu cikin jajayen riguna, ga manyan magidanta sun dafe ƙirji, wasu har da ƙwalla, suna rera waƙa da harshen da ko kalma ɗaya ba ta yi kama da Turanci ba. Wani dattijo a bencin bayana ya ja tsaki ya ce, "Ku ji neman suna! Ai duk Ingila ce. Fasfo ɗaya, sarki ɗaya, kuɗi ɗaya, amma wai kowa da tutarsa da takensa." Wani matashi ya karɓe, "Wallahi Baba gaskiyarka, ƙauyanci ne kawai."

Maganar ta tsaya mini a rai, don a cikin watan ne hukumar da ke kula da yankin duwatsun arewacin Wales ta yanke shawarar daina kiran dutse mafi tsawo a ƙasar da sunan Snowdon, ta koma kiransa Yr Wyddfa, sunan da mutanen wurin suka gada kaka da kakanni. Masu ba'a a intanet suka yi ca: wa zai iya furta wannan, me ya yi zafi, ba su da aikin yi ne?

Ni ina ganin mutanen Wales suna kan gaskiya, kuma duk wanda ya san abin da aka yi musu ba zai kira wannan neman suna ba. Sai dai goyon bayana yana da inda ya dosa. Jan dodon da ke jikin tutarsu, da furen da suke maƙalawa a ƙirji, da doguwar baƙar hular matansu ta gargajiya, duk ado ne. Abin da ya hana su narkewa cikin Ingila sama da shekara 700 shi ne harshensu, kuma can ya kamata ƙarfinsu da kuɗinsu su fi karkata.

"Ai duk Ingila ce"

Birtaniya yankuna huɗu ce: Ingila, Scotland, Wales da Ireland ta Arewa. Wales tana da mutum kusan miliyan 3.1, babban birninta Cardiff. Harshen Welsh jikan harshen da ake yi ne a tsibirin tun kafin kakannin Turawan Ingila su ƙetaro teku su zo.

Da takobi aka shigar da su. A 1282 aka kashe Llywelyn ap Gruffudd, yarimansu na ƙarshe mai cin gashin kansa, Sarki Edward na ɗaya na Ingila ya kewaye arewacin ƙasar da manyan sansanonin dutse masu ganuwa a Caernarfon da Conwy da Harlech da Beaumaris. A 1301 ya naɗa ɗansa Yariman Wales, sarautar da ta zama ta mai jiran gadon Ingila, wadda yau take kan William. Owain Glyndŵr ya yi tawaye a 1400, ya riƙe ƙasar na wasu shekaru, daga baya aka ci ƙarfinsa. Sai dokokin 1535 da 1542 suka haɗe Wales da Ingila a hukumance, suka ce da Turanci kaɗai za a yi shari'a, kuma wanda ba ya jin Turanci ba zai riƙe muƙamin gwamnati a ƙasar haihuwarsa ba.

Mai shakka ya ɗauko tutar Birtaniya ya duba. Akwai gicciyen Ingila, akwai na Scotland, akwai na Ireland. Wales ba ta ciki, saboda a 1606 da aka fara haɗa tutar, lissafin da ake yi mata shi ne wani ɓangare na Ingila. Mutumin da tutar ƙasarsa ta manta da shi, in ya ɗaga tasa ban ga laifinsa ba.

"Alamomin nasu ma ƙirƙirarsu aka yi"

Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba.

Jan dodon tsohuwar alama ce, Henry Tudor ya riƙe ta a yaƙin Bosworth a 1485, amma sai a 1959 aka amince da ita a matsayin tutar Wales a hukumance. Furen nan mai ruwan ɗorawa da ake sawa ranar 1 ga Maris, ranar tunawa da waliyyinsu Dewi, bai yi tashe ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 19. Kafin shi wani ganye ne dangin albasa. Shigar mata ta jan mayafi da doguwar hula, wata attajira ce da ake kira Lady Llanover ta tallata ta a shekarun 1830 har ta zama "kayan gargajiya". Majalisar mawaƙa mai dogayen riguna farare da shuɗaye da koraye, wadda baƙo zai rantse ta shekara dubu, wani mai sassaƙa dutse ne, Iolo Morganwg, ya ƙago ta. Taronta na farko ma a Landan aka yi shi a 1792, kuma daga baya masana suka gano cewa da yawan "tsofaffin takardun" da ya dogara da su shi ya rubuta abinsa.

Amma wace ƙasa ce tutarta ta faɗo daga sama? Kowace alama akwai ranar da wani ya zauna ya zana ta. Abin da ke mayar da ita gado shi ne mutane su karɓe ta su rayu da ita, kuma mutanen Wales sun karɓa.

Damuwata da alamomin daban take. Ba su da tsada, kowa yana iya sa su. Gidan sarautar Birtaniya da kansa yana raba wa sojojin Wales ganyen nan ranar 1 ga Maris. Sansanonin da Edward ya gina don murƙushe su, yau su ne a jikin katunan masu yawon buɗe ido, hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya tun 1986. Ana iya cika Cardiff da jajayen tutoci ranar wasan zari-ruga ba tare da wani yaro ya ji kalma ɗaya ta harshen kakarsa a gida ba. Al'ummar da ta tsaya a nan ta yi kama da ɗan da ya adana babbar rigar mahaifinsa da rawaninsa a akwati, amma ya sayar da gonar.

Inda gadon yake da rai

Wanda yake son ganin bambancin ado da gado ya dubi taron da suke kira Eisteddfod. Tarihi ya nuna an yi irinsa tun 1176 a garin Cardigan, inda wani basarake mai suna Rhys ya tara mawaƙa da makaɗa suka yi gasa. A siffarsa ta yanzu ana yin na ƙasa baki ɗaya tun 1861, a makon farko na watan Agusta, bana a arewa baɗi a kudu, kuma sama da mutum 100,000 ke halarta. Tun 1950 doka ce: da harshen Welsh ake komai a dandalin gasar.

Babbar kyautar kujera ce, wadda ake sassaƙa sabuwa kowace shekara. Ana ba da ita ga wanda ya fi iya tsara doguwar waƙa bisa tsauraran ƙa'idojin da ke sa baƙaƙen farkon layi su amsa wa na ƙarshensa. Mawaƙa ba sa sa sunansu na gaskiya, laƙabi suke turawa. Ranar bayyana gwani a kashe fitilun zauren, a busa ƙaho, a kira laƙabin, sai ka ga mutum ɗaya ya miƙe daga cikin dubban jama'a, haske ya sauka a kansa. A rako shi dandali, a zare takobi rabi a saman kansa, shugaban mawaƙa ya tambayi taro sau uku ko akwai zaman lafiya, taro ya amsa da cewa akwai, sannan a mayar da takobin kube. Shekarar da alƙalai suka ga babu waƙar da ta kai, kujerar haka take zama babu kowa a kai.

A 1917 an kira laƙabi sau uku babu wanda ya miƙe. Wanda ya ci, wani makiyayin tumaki ne daga Trawsfynydd da aka fi sani da Hedd Wyn, an kashe shi a fagen daga a Beljiyam makonni shida kafin ranar. Aka lulluɓe kujerar da baƙin ƙyalle, aka kai wa iyayensa. Har yau tana gidan gonarsu mutane na zuwa gani.

Takobin da rigunan, ƙago su aka yi. Waƙar kuwa ba ta ƙaguwa. Sai da yaro ya tashi da harshen a bakinsa, ko baligi ya yi shekaru yana koyo, kafin a samu mai tsara ta da dubban masu fahimtarta. Ranar da aka rasa masu harshen, sauran bikin wasan kwaikwayo zai koma.

Ba da kansa harshen ya ja da baya ba

Masu cewa a bar komai ya bi zamani suna magana kamar iska ce ta kwashe harshen. A 1847 gwamnatin Landan ta fitar da rahoton wasu jami'ai uku, Turawan Ingila da ba sa jin Welsh, kan ilimi a Wales. Rahoton ya zana mutanen a matsayin jahilai marasa tarbiyya, ya ɗora wa harshensu babban kaso na laifin. A wasu makarantu na wancan ƙarni akwai ɗan katako mai haruffa biyu, W da N, da ake rataya wa yaron da aka ji yana Welsh. In ya ji wani ya yi, sai ya miƙa masa. Wanda aka tashi makaranta katakon na wuyansa shi zai sha bulala. Duk wanda ya zauna a ajin da monita ke rubuta sunayen masu yin Hausa don a ci su tara ya san yadda wannan yake sa yaro ya ji kunyar bakin uwarsa.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne iyaye da yawa sun goyi bayan hakan. Sun ga cewa kotu da ofis da albashi mai kyau duk da Turanci suke, suka zaɓa wa 'ya'yansu abin da zai ciyar da su. Ba na zargin su. A 1901 rabin mutanen Wales na jin harshen. A ƙidayar 2021 saura kashi 17.8 cikin 100, mutum 538,300.

Da ma harshen ya rayu har yau ne saboda an rubuta shi an kuma karanta shi. Fassarar Littafi Mai Tsarki da William Morgan ya kammala a 1588 ta ba harshen tsayayyen salon rubutu, sannan a ƙarni na 18 makarantun tafi-da-gidanka na wani limamin coci, Griffith Jones, suka koya wa sama da mutum 150,000 karatu da harshensu.

'Yancin da harshen ke da shi yau kuwa, ƙwato shi aka yi. A 1952 wani mai haƙar kwal, Trefor Beasley, da matarsa Eileen, malamar makaranta, suka ce ba za su biya harajin gida ba sai an aiko musu takardar da harshen Welsh. Shekara takwas ana kai su kotu, ma'aikatan kotu suna zuwa suna kwashe musu kayan ɗaki, har da kyaututtukan aurensu. A 1960 takardar ta zo da harsuna biyu.

Sai maganar Capel Celyn. Ƙauye ne a kwarin Tryweryn da kowa a cikinsa Welsh yake yi. Birnin Liverpool na Ingila yana son ruwa, ya kai buƙatarsa ta gina madatsar ruwa a kwarin gaban majalisar dokoki a Landan. Cikin 'yan majalisa 36 da ke wakiltar Wales, babu ko ɗaya da ya goyi baya, 35 sun ƙi. Aka zartar duk da haka a 1957. A 1965 ruwa ya shanye gidaje da gonaki da makaranta da majami'a, kusan mutum 50 suka rasa matsuguni. Sai a 2005 majalisar birnin Liverpool ta nemi afuwa. A gefen hanya kusa da Llanrhystud akwai wani rusasshen bango da aka rubuta wa kalmomi biyu da farin fenti a kan ja, ma'anarsu a tuna da Tryweryn. Da wasu suka ɓata shi a 2019, sai rubutun ya bazu a bangaye da motoci a faɗin ƙasar. A wurina wannan bango ya fi jan dodon faɗa wa baƙo ko su wane ne mutanen Wales.

Daga nan abubuwa suka bi juna. Jawabin wani marubuci, Saunders Lewis, a rediyo a 1962 ya haifar da ƙungiyar kare harshen, matasanta suka riƙa shafe allunan hanya masu Turanci zalla da koren fenti, wasu suka yi zaman gidan yari. A 1980 Gwynfor Evans, shugaban Plaid Cymru, jam'iyyar masu kishin Wales, ya ce zai daina cin abinci har mutuwa in gwamnatin Margaret Thatcher ta saɓa alƙawarin buɗe tashar talabijin ta Welsh. Gwamnati ta sauko, tashar S4C ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamba, 1982. Dokar 1993 ta daidaita harsunan biyu a ayyukan gwamnati, ta 2011 ta ba Welsh matsayin harshen hukuma. Yau direba a Wales yana ganin kalmar ARAF, wato a rage gudu, a rubuce a kan kwalta tare da takwararta ta Turanci kafin kwana.

"Ɓarnar kuɗi ce, ai duk suna jin Turanci"

Gaskiya ne kusan duk mai jin Welsh yana jin Turanci. Amma a kai tsohuwa mai ciwon mantuwa asibiti a yankin Gwynedd na arewacin Wales, wadda Turancin da ta koya a makaranta ya fara zubewa, harshen ƙuruciya kaɗai ya rage mata. Ko yaro ɗan shekara huɗu da bai fara Turanci ba, likita na son ya faɗi inda ke masa ciwo. Ma'aikaciyar jinya mai jin Welsh a nan magani ce.

Kuma hukuma ta yi ƙarnoni tana kashe kuɗi wajen tura Turanci ta kotu da makaranta, ba wanda ya kira shi ɓarna. Yaran da ke makarantun da ake koyarwa da Welsh, sama da kashi ɗaya cikin biyar na 'yan firamare, suna fitowa da harsuna biyu. Ba su rasa Turanci ba, ƙari suka samu.

"To sauran kashi 80 fa?"

Wannan ce sukar da ta fi nauyi. Mafi yawan mutanen Wales ba sa jin Welsh, musamman a kwarurrukan kudu inda haƙar kwal ta jawo baƙi daga ko'ina. Su ne suka haƙo kwal ɗin da ya tuƙa jiragen ruwan duniya, su ne suka binne mutum 144 a Aberfan a 1966, 116 daga ciki yara, lokacin da tsibin ƙasar ma'adinai ya zubo kan makaranta. Wa ya isa ya ce musu su ba cikakkun 'yan Wales ba ne? A unguwar Butetown ta Cardiff akwai Musulmi 'yan asalin Somaliya da Yaman da kakanninsu suka zo aikin jirgin ruwa tun ƙarni na 19. A 2024 Vaughan Gething, haifaffen Zambiya, ya shugabanci gwamnatin Wales na wasu watanni.

In aka mayar da harshen ƙofar da ake rufe wa waɗannan, masu kare shi sun ci amanarsa. Akwai masu jin Welsh da ke yi wa mai koyo kallon raini in ya yi kuskure, ko su juya zuwa Turanci tun bai gama jimla ba, kuma wannan hali yana kashe harshe kamar yadda katakon nan ya yi. Maganin shi ne a buɗe ƙofar, kamar darussan kyauta da gwamnati ta fara ba matasa da malaman makaranta a 2022. Jikan Basomale da ya koyi Welsh a makarantar Cardiff yana da haƙƙi a kansa daidai da jikan makiyayin Trawsfynydd.

"Ba su ne suka taya Ingila mulkar mu ba?"

Su ne. Henry Morton Stanley, wanda ya share wa Sarki Leopold na Beljiyam hanya a Kongo, a Denbigh aka haife shi a 1841. Thomas Picton ya yi ƙaurin suna wajen azabtar da mutane lokacin da yake gwamnan Trinidad. Dukiyar gidan Penrhyn, masu babbar mahaƙar duwatsun rufin ɗaki a arewa, daga gumin bayi a gonakin rake na Jamaika ta faro. Ba na neman a yafe musu wannan saboda su ma an danne su. Abin da na lura da shi dai shi ne sun fara duban abin da idonsu: a 2020 majalisar birnin Cardiff ta kaɗa ƙuri'ar kawar da gunkin Picton daga zaurenta, kuma daga 2022 tarihin baƙar fata ya zama dole a manhajar makarantunsu. Laifin Picton ba hujja ba ce ta a bar harshen talakan da ke fasa dutse a Penrhyn ya mutu.

Inda nake jin tsoro

A 2017 gwamnatin Wales ta sa wa kanta burin samun masu jin harshen miliyan ɗaya kafin 2050. Ƙidayar da ta biyo baya ta nuna raguwa, daga 562,000 a 2011 zuwa 538,300. A Cardiff adadin ya ɗan ƙaru, amma a yankunan da harshen yake na kasuwa da gona da filin wasa yana zaizayewa. Carmarthenshire, da rabin mutanenta ke jin sa a 2001, ta sauko ƙasa da kashi 40. Ceredigion tana wajen 45. Gwynedd da tsibirin Môn ne kaɗai suka rage sama da rabi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ƙauyukan bakin teku irin su Abersoch, masu kuɗi daga waje sun saye gidaje don hutun bazara, farashi ya fi ƙarfin ɗan gari. Saurayi da budurwa masu jin Welsh su yi aure, su rasa gidan da za su iya saya ko aikin da zai riƙe su, su tattara su koma Cardiff ko Manchester. Da hunturu rabin layin duhu ne, makarantar ƙauyen ta rasa yara a rufe ta. Tun Afrilun 2023 an ba ƙananan hukumomi ikon ƙara harajin irin waɗannan gidaje har kashi 300 cikin 100, kuma na ga dacewar hakan, ko da masu gidajen suna kuka. Amma haraji ba ya gina gida, ba ya buɗe masana'anta.

Sauya sunan dutse daidai ne, kuma kusan kyauta aka yi shi. Gidaje masu sauƙin kuɗi a Gwynedd, ayyukan yi a Ceredigion, da isassun malaman da za su koyar da lissafi da kimiyya da harshen Welsh, su ne masu cin kuɗi, kuma a kansu zan auna gwamnatin Cardiff idan sakamakon ƙidaya ta gaba ya fito.